Hakkin Ɗalibi A Kan Malaminsa Bayan Yaye

Kowace shekara, in lokaci ya yi, jami'o'in ƙasar nan sukan kafa rumfuna, su gayyato sarakuna da manyan gwamnati da iyayen yara, ɗalibai su sa dogayen riguna da huluna masu geza, a miƙa musu takardun shaidar sun gama karatu. Da Hausa ana kiran wannan biki yaye ɗalibai. Wanda ya fara ba shi wannan suna lalle ya san Hausa, gama kowa ya san mace ba ta yaye ɗanta sai ta ga ya iya shan kunu, yana taɓa tuwo, ƙafarsa ta soma ƙwari. In kuwa ta cire shi daga nono alhali bai iya cin kome ba, mutanen unguwa ba za su ce ta yaye shi ba, sai su ce ta yar da shi.

To, ga tambayar da ya kamata mu duba. Saurayi ya yi shekara huɗu ko biyar a jami'a, an yaye shi, ya yi hidimar ƙasa, ya komo gida. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, yana nan bisa dakalin ƙofar gidansu, takarda na cikin akwati, sabulun wanki ma sai uwarsa ta ba shi. Shin akwai alhakin wannan yaro a wuyan malaman da suka karantar da shi, ko kuwa sun fita tun ran da suka duba jarrabawarsa ta ƙarshe? Waɗansu sun ce sun fita, domin aikin malami koyarwa ne, neman abinci kuwa tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Ni a ganina ba su fita ba tukuna, amma kuma hakkin yana da iyaka, ya kamata a san inda ya fara da inda ya tsaya.

Bari mu fara da yadda kakanninmu suka ɗauki al'amarin. A makarantar allo, yaro yakan tashi yana karatu da asuba da dare, da rana kuwa yana gonar malam in damina ce, in rani ne yana ɗinkin hula ko bin wani ɗan kasuwa. Ran da ya sauke, ya kuma ƙara ilmi, malam yakan ware masa yara kaɗan, ya ce ya tafi gari kaza, ya haɗa shi da wasiƙa zuwa ga limamin garin ko mai unguwa. Haka nan wajen masu sana'a. Marinin Ƙofar Mata, da maƙeri, da baduku, da falken kasuwar Kurmi, duk al'adarsu ɗaya ce. Yaro ya yi wa maigida barantaka shekara da shekaru, sa'an nan a sallame shi. Sallama kuwa ita ce a ba shi jari ko kayan aiki, sau da yawa a yi masa aure, a kama hannunsa a nuna wa dillalai da abokan ciniki, a ce, "Wannan yarona ne, abin da kuka ba shi ni kuka ba." In yaron ya lalace a kasuwa, tambayar da akan fara yi ita ce, "Yaron wane ne?" Kunya ta koma kan maigida. 'Yan kasuwar Ibo na Sabon Gari ma suna da irin wannan al'ada, suna kuwa riƙe da ita gam.

Manyan malamai kansu ba su raba ilmi da sana'a ba. An ruwaito Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yakan tufka igiya a sayar, don ya ci daga guminsa. Limam Abu Hanifa, da yawan ilminsa, ɗan kasuwar tufafi ne a birnin Kufa. Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sulke yake ƙerawa. Ashe tun asali, wanda ya koya maka karatu shi ne kuma ke duba yadda za ka tsaya da ƙafarka.

Da karatun boko ya zo, a nan Nassarawa ya fara sauka sosai. A cikin 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, wani Bature da ake kira Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a nan, gidansa ma yana nan har yanzu ana zuwa kallo. Da Hausa aka yi ta koyarwa. Akwai sashen malamai, akwai na 'ya'yan sarakuna, akwai kuma na sana'o'in hannu, kamar su sassaƙa da ƙira da aikin fata. Ana koyar da lissafi da awon ƙasa, domin a lokacin ana bukatar waɗanda za su auna gonaki a yanka haraji, da waɗanda za su riƙe littattafan baitulmali. Turawa don biyan bukatarsu suka kafa ta, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma abin lura shi ne, kowane ɗalibi an san aikin da ake shirya shi dominsa tun bai fita ba.

Haka aka ci gaba. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horad da malamai, a can Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A 1947 aka buɗe makarantar akawuna a Zariya. Da mulkin kai ya matso, gwamnatin Jihar Arewa ta dage sai 'ya'yan Arewa sun hau kujerun da baƙi ke kai. Aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. A nan Kano kuwa, kwalejin da aka soma a 1960 cikin Makarantar Koyon Larabci, wadda daga baya aka sa mata sunan Sarki Abdullahi Bayero, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A waɗannan shekaru aiki ne ke neman mai digiri. Tun yana ajin ƙarshe ma'aikatu ke rububinsa, ya fito ya tarad da ofis da gida da rancen mota suna jiransa.

Wannan zamani na yalwa ya bar mana gado iri biyu, duka kuwa sun zame mana ciwo. Iyaye suka ɗauka ma'anar boko ita ce albashin gwamnati, duk wanda ya yi karatu bai sami kujera ba ya yi asara. Malamai kuma suka saba da cewa aikinsu ya ƙare a ɗakin jarrabawa, gama sallamar da maigida yakan yi wa yaronsa gwamnati ta ɗauke musu ita. Ba wanda ya lura an sauke wannan kaya, sai da gwamnati ta kasa ɗauka.

Ta kuwa kasa. A ƙarshen 1962 jami'o'i 5 ne kaɗai a Nijeriya duka, a 2024 sun haura 250. Kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, a 1986 aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi. Masana'antu da yawa na Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka rufe, masaƙun Kaduna da suka ci dubban ma'aikata suka yi shiru. Masu fitowa suka yi ta ƙaruwa, kujeru suka yi ta raguwa. Hukuma ba ta zauna haka kawai ba. Tun farkon shekarun 1970 aka tsara a riƙa tura ɗaliban fannonin aikin hannu su yi watanni a ma'aikatu kafin su gama. A 1973 aka soma hidimar ƙasa ta shekara guda. Wajen 2006 hukumar kula da jami'o'i ta ce kowane ɗalibi, kome fanninsa, sai ya yi darasin sana'a da dogaro da kai. Dokokin duk masu kyau ne. Amma doka takarda ce, mutum ne ke hura mata rai. In malam ya karanto darasin sana'a daga littafi, yara suka rubuta, suka haddace, suka zuba masa ran jarrabawa, to, an sami saurayin da ya iya bayyana ma'anar ciniki da Turanci, bai kuwa taɓa sayad da ko ƙwayar goro ba.

Yanzu sai mu saurari masu cewa malam ba shi da laifi, gama suna da hujjoji, ba kuwa na banza ba ne.

Hujja ta farko, sun ce ilmi ya fi ƙarfin ciki. Jami'a wurin neman gaskiya ne da gyaran hankali, in aka mai da ita wurin koyon neman kuɗi, sai a watsad da tarihi da harshe da sanin addini, a bar abin da kasuwa ke so kaɗai. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, kuma ƙasar da ta yar da tarihinta don ba ya kawo riba ta yi wauta. Amma wane ne ke iya riƙe mutuncin ilmi, mai abin hannunsa ko mai jiran a ba shi? Malamin da ke cin guminsa yana iya gaya wa sarki gaskiya. Wanda yunwa ta kama kuwa, shi ne 'yan siyasa ke haya ran zaɓe, ya sa ilminsa wajen ƙawata ƙarya. Saboda haka koya wa ɗalibi hanyar abinci tsare ilmin ne kansa daga wulakanci.

Hujja ta biyu, sun ce arziki na Allah ne, malam ba ya raba shi. Haka ne, babu mai musu. Amma lafiya ma ta Allah ce, duk da haka in likita ya yi sakaci mukan ce ya ci amana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Ya kuma nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yiwo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Ba a tambayar malam don me bai arzuta ɗalibinsa ba. Abin da za a tambaye shi, ya nuna masa inda igiyar take da inda dajin yake?

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi. Sun ce malamin jami'a shi ma a wahale yake. Aji guda ya tarad da ɗaruruwan yara, ko sunayensu ba zai iya riƙewa ba, kayan aiki sun tsufa, albashi ba ya kai wata. A 2022 malaman jami'o'in gwamnatin tarayya sun yi wata 8 suna yajin aiki a kan irin waɗannan koke-koke. Yaya za a ɗora wa mai wannan kaya wani kayan? A nan ne iyakar hakkin take. Allah ba ya kallafa wa rai abin da ba ta iyawa. Malam ba zai gina masaƙa ba, ba zai kawo wutar lantarki ba, ba zai buɗe kujeru a ma'aikata ba, waɗannan a wuyan masu mulki da masu dukiya suke, za su kuwa amsa tambaya a kansu. Amma akwai abubuwa huɗu da ke hannun malam, ba sa bukatar kuɗi mai yawa, in ya hana su ba shi da uzuri.

Na farko gaskiya. Yaro yakan shigo jami'a da mafarkin da ya gada daga ubansa, yana zaton kujera na jiransa. Malam ya san ba haka ba ne. Wajibi ne ya gaya masa tun shekarar farko, ya ce fannin nan ga inda masu shi ke samun abinci, ga inda ƙofa ta cushe, ga abin da za ka haɗa da shi in kana so ka tsira. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin da ya yi shiru shekara huɗu don kada ya ɓata wa yaro rai, ya bar duniya ta gaya masa da mari, bai yi masa alheri ba.

Na biyu, ya sa hannun ɗalibi cikin aiki. Kano ba ta rasa wurin gwaji ba. Mai koyon lissafin kuɗi a tura shi Kantin Kwari ko kasuwar hatsi ta Dawanau, ya zauna da ɗan kasuwa ya tsara masa littafin shiga da fita. Mai koyon haɗa magunguna da sinadarai ya je wurin majema da marina ya ga abin da ke damunsu. Mai koyon Hausa ko Larabci ya gwada fassara da rubuta wasiƙu da shirin rediyo. Mai koyon aikin gona ya riƙe kadada tasa daga shuka har girbi, yadda malaman Samaru suka daɗe suna fita gonakin talakawa. In an tura yaro koyon aiki a wata ma'aikata kuma, malam ya taka ya je ya gani da idonsa, kada ya zauna a ofis ya sa hannu a littafin da bai san abin da ke ciki ba. A Jamus yaro yakan raba makonsa tsakanin aji da masana'anta, ana kuwa yaba su a kan haka. Mu ma abin da marinin Ƙofar Mata ke yi ke nan tun kafin Turawa su zo.

Na uku, ya sada shi da mutane. Malamin da ya shekara ashirin yana koyarwa, ɗalibansa na dā sun cika bankuna da asibitoci da kasuwanni da gidajen jarida. Wannan dukiya ce, ko da ba ta shiga aljihu. Ɗan attajiri yana da wanda zai kama hannunsa. Ɗan manomi daga ƙauye, wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya ga ƙofar jami'a, ba shi da kowa sai malaminsa. In malam ya gayyato tsohon ɗalibi ya zo ya yi wa na baya bayanin yadda ake neman aiki, da yadda ake tsayawa gaban masu tantancewa, da yadda shi ya fara da jari kaɗan, ya yi irin abin da falke ke yi sa'ad da ya nuna yaronsa ga dillalai.

Na huɗu hali. Masu ɗaukar ma'aikata, ko a ofis ko a kasuwa, abin da suka fi nema shi ne wanda zai zo kan lokaci, ya riƙe amana, ya gama abin da ya fara. Wannan kuwa ba a koyad da shi a allo, a jikin malam yaro ke gani. Malamin da ke makara, ko ya tilasta wa yara sayen takardunsa, ko ya sayad da maki, ya koyad da darasi wanda ya fi na littafi zama a zuciya, ya kuma aika da ɓarawo cikin ma'aikata da takardar shaida a hannu.

Kada a zaci masu riƙe alli kaɗai ake nufi. Magatakarda da akawu da mai kula da ɗakin littattafai da mai tsaron ɗakin gwaje-gwaje duk suna cikin wannan amana. Mu da muke aikin akawu mun san nauyin fayil. Takardar sakamako da ta kwana wata uku bisa tebur, a wurin akawu takarda ce cikin dubu, a wurin mai ita kuwa aiki ne ya wuce shi, ko tafiya ƙarin karatu ta fasu, ko aure ya ɗage. Wanda ya riƙe ta don a ba shi na goro, ya sani abincin wani ya riƙe.

Akwai wuri guda mai santsi da ya kamata mu tsaya a kai. In mun ce malam ya sada ɗalibi da mutane, me ya raba wannan da alfarma, wadda ita ce ta ɓata mana ma'aikatu? A ce wani shugaban kamfani ya aiko wa malam yana son yaro guda mai ƙwazo. Malam yana da biyu. Ɗaya ɗan amininsa ne, ba laifi, yana da ƙoƙari daidai gwargwado. Ɗayan maraya ne, ba wanda ya san shi, amma ya fi kowa a ajin. In ya tura ɗan amininsa, ba wanda zai kama shi, amininsa zai gode, a gari ma a ce yana da zumunci. Amma an tambaye shi shaida ne, shaida kuwa ba kayansa ba ce da zai yi kyauta da ita. Ya zalunci maraya, ya yaudari mai kamfani. Zumunci da aljihunka ake yinsa, ba a yinsa da hakkin wani. Haka kuma in tausayi ya sa ya rubuta wa malalaci takardar yabo, ran da aka gane, takardarsa ta mutu, yaran kirki da za su zo daga baya su ne za su biya. Abin da ya raba shaida da alfarma ke nan: mai shaida yana faɗin abin da ya sani game da yaro, mai alfarma yana duban wanda ya haifi yaron. Mata ma kada a manta da su a nan, gama sau da yawa yarinya ce ke zuwa ta ɗaya a aji, in an zo tura suna sai a tsallake ta, a ce ai aure za ta yi, alhali asibitocinmu da makarantunmu na 'yan mata suna kukan rashin irinta.

Saura naku rabo, ya ku iyaye, musamman ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurarku, kuka san daɗin karatu, kuka ɗaure ciki don 'ya'yanku su wuce inda kuka tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In yaro ya zo hutu, kada ku ce ya fi ƙarfin rumfarku ko gonarku don yana jami'a. Ku zaunad da shi ya riƙe muku lissafi, ya ga yadda ake ciniki. In ya gama ya ce zai buɗe shagon gyaran waya, ko ya yi kiwon kaji, ko ya koma sana'ar gidanku ya gyara ta da ilminsa, kada ku ce ya kunyata ku. Abin kunya zaman dakali ne. Shi kuma ɗalibi ya sani malam yana iya nuna masa rijiya, ya ba shi guga, amma shi zai ja. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Malaman dā ba a auna su da yawan littattafan da ke ɗakinsu kaɗai, akan ce almajiran wane sun cika ƙasa, kowanne yana riƙe da gidansa, yana amfanin jama'a. Da wannan mudu ya kamata malamin jami'a ya riƙa auna kansa. In ya haɗu da ɗalibinsa bayan shekara biyar, ya tambaye shi me yake yi, ya kuma saurari amsar da kyau, gama a cikinta zai ji ko yaye ya yi ko yarwa.

Allah ya ba malamanmu ikon riƙe amana, ya saka musu da alheri bisa wahalarsu, ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani da sana'a mai albarka. Amin.